Iyakwandishan, Na'urar da Aka Ƙera Domin Takarda

A farkon ƙarni na 20 akwai wata maɗaba'a a unguwar Brooklyn ta birnin New York mai suna Sackett-Wilhelms, wadda ta yi fice wajen buga mujallu da hotuna masu launi. A wancan zamani takarda ɗaya sai ta bi ta cikin inji sau da dama, kowane zagaye da launin da zai ɗora mata. Damuwar masu wannan maɗaba'a ita ce lokacin zafi, wanda a gabashin Amurka yake zuwa da danshi mai nauyi. Takarda tana shan danshin iska ta kumbura, idan iska ta bushe kuma ta tsuke. Saboda haka jan da aka buga yau ba ya hawa daidai a kan shuɗin da aka buga jiya, fuskar mutum ta fito da inuwa biyu, tawada ta ƙi bushewa, a yi asarar takarda da kwanakin aiki.

Aka kai kuka ga kamfanin Buffalo Forge, mai ƙera fankoki da na'urorin ɗumama gini. Kamfanin ya ɗora aikin a kan wani matashin injiniya ɗan shekara 25, Willis Carrier, wanda bai fi shekara guda da kammala karatu a Jami'ar Cornell ba. Zanen da ya miƙa yana ɗauke da kwanan watan 17 ga Yuli, 1902, kuma ranar da masu tarihin wannan sana'a suke ƙirgawa ke nan a matsayin ranar haihuwar iyakwandishan. Babu wanda ya roƙi Carrier ya sanyaya wa ma'aikatan maɗaba'ar jiki. Abin da aka nema shi ne a tsayar da danshin ɗakin a wajen kashi 55 cikin ɗari, rani da damina, domin takarda ta zauna a girmanta.

Dabarar da ya bi, duk wanda ya taɓa fito da kwalbar lemo daga firiji ya ga irinta. Iska mai ɗumi tana iya riƙe tururin ruwa mai yawa. Da zarar ta taɓa abu mai sanyi sai ƙarfin riƙonta ya ragu, ta sauke rarar a jikin abin, kwalba ta yi ta gumi. Raɓar asuba ma haka take samuwa. Carrier ya ɗauki naɗaɗɗun bututan da kamfaninsu ke zuba wa tururi mai zafi don ɗumama ɗaki, ya zuba musu ruwan sanyi, ya sa fanka ta riƙa tura iskar maɗaba'a ta tsakaninsu. Ruwa ya riƙa taruwa a jikin bututan yana ɗiga ƙasa, iska ta fito a bushe. Ta kuma fito da sanyi, amma wannan gyara aka samu a kan ciniki.

Ana ba da labarin cewa a ƙarshen wannan shekara, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Pittsburgh cikin hazo irin na ƙasashen sanyi, tunanin ya ƙara buɗe masa. Idan aka tura iska ta cikin feshin ruwa mai tsananin sanyi, za ta yi sanyi har ta zubar da danshinta a cikin feshin. Wato a busar da iska da ruwa. A watan Janairu na 1906 aka ba shi takardar mallakar wannan fasaha, a 1911 kuma ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka lissafin da ke haɗa zafi da danshi da ma'aunin da raɓa ke fara sauka. Har yau a kan wannan lissafi ake auna girman na'urar da ta dace da gini.

Sunan kansa ba Carrier ne ya raɗa ba. Wani injiniyan masaƙa a birnin Charlotte na jihar North Carolina, Stuart Cramer, shi ya fara amfani da shi a 1906. Abin ban dariya, shi Cramer ƙara wa iska danshi yake yi, domin zaren auduga yana tsinkewa idan iskar masaƙa ta bushe. Masaƙa sun saba da jiƙa zare don ya yi laushi, shi kuwa ya ce a gyara iskar ɗakin gaba ɗaya. Kalmar da ta rikiɗe a bakin Hausawa ta zama iyakwandishan ma'anarta daidaita halin iska, kuma tun daga tushe batun ruwan da ke cikinta ake yi. Shekaru kusan ashirin da suka biyo baya, masu sayen wannan fasaha masana'antu ne: masaƙu, kamfanonin taba, masu yin alewa da cakulan, duk inda danshi ke ɓata haja.

Kafin Carrier, mai neman sanyi ƙanƙara yake saya, kuma wannan ciniki ya bar sawunsa a jikin kowace na'ura ta yau. A 1806 wani ɗan Boston mai suna Frederic Tudor ya loda ƙanƙarar da aka yanko daga tafkunan da suka daskare, ya tura ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinique. Mutanen garinsu suka yi masa dariya, ya yi asara, har gidan yari ya shiga saboda bashi. Amma ya koyi lulluɓe ƙanƙara da dusar katako, a 1833 ya tura tan 180 zuwa Kalkata ta ƙasar Indiya. Bayan wata huɗu a teku, wajen tan 100 suka isa ba su narke ba. Daga nan ya zama attajiri. A jihar Florida kuma, wani likita a garin Apalachicola, John Gorrie, ya riƙa rataye ƙanƙara a rufin ɗakin masu zazzaɓin shawara don ya sauƙaƙa musu. Da ƙanƙarar ta yi masa tsada sai ya ƙera injin yin ta, ya sami takardar mallaka a 1851. Bai sami mai zuba jari ba, ya mutu a 1855 cikin talauci.

Da injuna suka fara maye gurbin ƙanƙara, tambayar da mai saye ke yi ita ce: wannan inji zai tsaya mini a madadin ƙanƙara nawa? Daga nan aka sami ma'aunin da ake kira tan. Na'ura mai tan ɗaya ita ce wadda ke kwashe zafi daidai da abin da ƙanƙara tan ɗaya na Amurka, wato kimanin kilo 907, za ta shanye idan ta narke cikin awa 24. A lissafin da ake rubutawa a jikin kwali, wannan shi ne BTU 12,000 a kowace awa, ko kilowat 3.5. A kasuwannin Amurka da Indiya da ƙasashen Larabawa har yanzu da tan ake ciniki. A Najeriya kuwa da ƙarfin doki ake yi, HP, wanda shi ma gadon wani zamani ne, lokacin da James Watt yake kwatanta injin tururinsa da dawakan da zai maye gurbinsu. Doki ɗaya na kasuwa yawanci BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Sai dai babu dokar da ta ɗaure kamfani a kan wannan kwatance, shi ya sa na'urori biyu masu suna doki ɗaya da rabi kan bambanta a aiki. Lambar BTU da ke ƙaramar takardar jikin na'ura ta fi abin da mai shago ya faɗa gaskiya.

Jama'a sun fara ɗanɗana wannan sanyi ne a gidajen silima. A da, masu silima a Amurka suna rufewa ko su yi ta asara lokacin zafi, domin ba mai son zama cikin ɗaki rufaffe da ɗaruruwan mutane suna zufa. A 1925 Carrier ya kafa sabon injinsa a silimar Rivoli da ke tsakiyar New York, mutane suka riƙa biyan kuɗin shiga ko fim ɗin bai yi musu ba. Majalisar wakilan Amurka ta sami nata a 1928, ta dattawa a 1929. Gida kuwa ya ci gaba da zama da fanka. An sa wa wani katafaren gidan attajiri a Minneapolis tun 1914, amma injin ya kai girman ƙaramin ɗaki. Baya ga girma da tsada, akwai abin da ya fi su hana ruwa gudu: iskar gas ɗin da ke zagaye cikin injunan guba ce. Amoniya da ire-irenta sun sha kashe mutane a cikin barci idan firiji ya yi yoyo.

Ya kamata a tsaya a fahimci aikin wannan gas, domin yawancin cutar da ake yi wa masu gida a kansa ake yi. Iyakwandishan ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake ɗauka daga ciki ya kai waje. Gas ɗin yana shiga bututan cikin ɗaki a matsayin ruwa, ya tafasa a ma'auni mai sanyi ƙwarai, a cikin tafasar ya shanye zafin iskar ɗaki, kamar yadda zufa ke sanyaya fata idan tana bushewa. Kwamfireso ya zuƙe shi ya matse shi har ya fi iskar waje zafi, fankar waje ta hure zafin, ya koma ruwa, ya sake shiga ɗaki. Haka yake zagaye a rufaffiyar hanya. Saboda ɗaukar zafi ya fi ƙirƙirarsa sauƙi, na'ura mai kyau tana kwashe zafin da ya kai ninki uku na wutar da take ci.

A 1928 wata tawaga ƙarƙashin Thomas Midgley ta haɗa sabon gas wanda ba ya kama wuta, ba ya kuma kisa, aka sa masa suna Freon. A 1930 Midgley ya tsaya gaban taron masana sinadarai, ya shaƙi gas ɗin, ya hura shi ya kashe kyandir. Shi ne dai mutumin da ya fara zuba dalma a cikin man fetur, don haka sau biyu ya warware matsalar zamaninsa da abin da jikoki suka sha wahalar kwashewa. Amma a lokacin Freon ya buɗe ƙofar gida. A farkon shekarun 1930 aka fara sayar da na'urar da ake ɗorawa a taga, da farashin da sai masu hannu da shuni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙanƙance ta yi araha: an sayar da wajen 43,000 a 1947, a 1953 kuma adadin ya haura miliyan ɗaya. A yau kusan gida tara cikin goma a Amurka yana da iyakwandishan.

Na'urar ta sauya taswirar ƙasar. Birnin Phoenix da ke cikin hamadar Arizona yana da mutum kimanin 107,000 a 1950, a 2020 ya wuce miliyan 1.6. Ta kuma sauya gini. Tsofaffin gidajen kudancin Amurka suna da rufi mai tsawo, da baranda mai faɗi, da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Magina suka ga duk wannan kashe kuɗi ne tunda akwai inji, suka koma ga gajeren rufi da bango marar kauri. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai kaurin bango a cikin birnin Kano ko Damagaram, ya kuma kwana a ɗakin bulo da kwano a watan Afrilu, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da aka rasa. Abin da ya biyo baya ga mai saye shi ne, faɗin ɗaki kaɗai ba ya nuna girman na'urar da yake bukata. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin, ko mai taga ta fuskar yamma, ko wanda mutum shida ke kwana a ciki, ya fi takwaransa mai faɗi ɗaya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba.

Duk da haka, kuskuren da ya fi yawa ga mai kuɗi a hannu shi ne sayen wadda ta yi wa ɗaki girma, da tunanin ƙari ba ya ɓaci. A nan ne labarin maɗaba'ar Brooklyn yake da amfani. Sanyaya iska abu ne na 'yan mintoci, busar da ita kuwa sai an ɗauki lokaci tana bi ta kan bututai masu sanyi tana zubar da ruwa. Babbar na'ura a ƙaramin ɗaki tana saukar da ma'aunin zafi cikin minti biyar ta kashe kanta, alhali danshin yana nan. Ɗaki ya yi sanyi mai danƙo, zanin gado ya yi kamar bai gama bushewa ba, bango ya fara warin funfuna. Bayan ɗan lokaci ta sake tashi, ta sake mutuwa. Kowane tashi kuwa yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ci a cikin tafiya, shi ne fitila ke dusashewa, ƙaramin janareta ya yi tari. Haka kuma danna rimot zuwa 16 ba ya sa irin wannan na'ura ta yi sauri. Gudu ɗaya gare ta, lambar tana gaya mata lokacin tsayawa ne kawai.

Maganin wannan tashi da mutuwa daga Japan ya fito. Gidajen Japan ƙanana ne, a matse da juna, wuta kuma tana da tsada, musamman bayan tashin farashin mai na 1973 da na 1979. Kamfanonin ƙasar suka raba na'urar gida biyu, suka fitar da kwamfireso da ƙararsa waje, suka bar fanka da bututan sanyi a bangon ɗaki, siririn bututun jan ƙarfe ya haɗa su. A 1981 kamfanin Toshiba ya fitar da ta gida ta farko mai inbata, wadda kwamfiresonta ke ƙara gudu ko ya rage gwargwadon bukata. Tana tashi a hankali, idan ɗaki ya yi sanyi ta rage gudu ta ci gaba da tafiya, don haka tana ci gaba da busar da iska kuma ta fi sauƙin wuta. Rauninta shi ne allon lantarkin da ke sarrafa ta, wanda wuta mai hawa da sauka ke iya ƙonawa, sayensa kuma ba wasa ba ne. Inda wuta ba ta da tabbas, kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin na'ura.

Freon kuwa ya yi shekara arba'in da 'yan kai ana yaba masa, sai a 1974 masana biyu a Kalifoniya, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa rashin lalacewarsa shi ne illarsa. Yana hawa sama a hankali har ya isa rufin ozon da ke tare hasken rana mai cutarwa, a can ya farfashe ya ci rufin. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton ramin da ya buɗe a saman Antaktika, a 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal. Aka fara janye tsofaffin gas, ciki har da R-22 da ya cika na'urorin gida, wanda aka ba ƙasashe masu tasowa zuwa 2030 su kusan rabuwa da shi. Magajinsa R-410A bai taɓa ozon, amma yana ɗumama duniya fiye da hayaƙin kabon sau dubu biyu, saboda haka a 2016 aka sake zama a Kigali aka amince a rage irinsa. Sababbin na'urori da yawa yanzu R-32 suke ɗauka. Waɗannan lambobi suna da ma'ana ga aljihu. Tsohuwar na'ura 'yar gwanjo mai R-22 tana da araha ranar saye, gas ɗinta kuwa ƙara wuya zai yi ta yi. Ba a kuma cakuɗa su, domin ƙarfin matsinsu da man da kwamfiresonsu ke sha sun bambanta.

Tunda hanyar gas a rufe take, gas ba ya ƙarewa kamar man mota. Na'urar da ake yi wa ƙari kowace shekara tana yoyo ne, yawanci a mahaɗar bututan jan ƙarfe inda mai sawa bai ɗaure da kyau ba, kuma sau da yawa akan ga ɗan maiƙo a wurin. Mai gyaran da ya zuba gas bai nemi ramin ba ya sayar da ruwa ne a cikin kwando. Da yawa ma daga cikin abin da ake ɗora wa gas ba laifinsa ba ne. Idan ragar tace ƙura ta toshe, iska ba ta isa bututan ciki, sai su yi sanyi fiye da kima, raɓar da ke jikinsu ta daskare ta zama ƙanƙara, ta ƙara toshe hanya. Mai gida ya ga ƙanƙara a jikin na'ura ɗaki kuma da zafi. Ƙarancin gas ma yana kawo haka, amma wanke raga kyauta ne, da shi ake farawa, musamman bayan ƙurar hunturu. Idan na'urar waje tana gurnani ba ta tashi, galibi kafasita ce ta mutu ko wuta ta yi ƙasa. Idan aka ɗauke wuta aka maido nan take, a ba ta minti uku matsin gas ya daidaita. Idan an kafa ta a lungun da iska ba ta ratsawa, zafin da ta fitar shi take sake zuƙa.

Akwai kuma batun inda aka auna ta. Ƙarfin da ake rubutawa a yawancin na'urori an gwada shi ne da zafin waje na digiri 35, ajin da ake kira T1. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu yana haura 40 ba tare da wani ya yi mamaki ba, kuma iya zafin waje iya wahalar da na'ura ke sha wajen zubar da nata. Ajin T3, wanda aka fi sayarwa a ƙasashen Larabawa, da digiri 46 ake gwada shi. A irin wannan bazara iska ta riga ta bushe, aikin da Carrier ya ƙera injinsa dominsa babu shi. Shi ya sa a Yamai da Khartum ake amfani da wata na'ura mai sauƙi, wadda fanka ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙiyar tabarma, bisa ƙa'idar da randa ke sanyaya ruwa. Wutar da take ci kaɗan ce, tana kuma ƙara wa iska danshi irin yadda Cramer ya yi wa masaƙarsa. Da damina ta sauka sai ta zama fanka kawai, domin iskar da ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar ƙari.

A lokacin ne iyakwandishan ke komawa ga aikinsa na asali. Bututun da ke zubar da ruwa a bayan ɗaki, wanda a watan Maris da ƙyar yake ɗiga, a watan Agusta yana iya cika bokiti a dare ɗaya. Idan ruwan ya daina fita waje ya koma bin bangon ɗaki, ba a cika samun wata babbar ɓarna ba. Ƙura da gansakuka ne suka toshe bututun, ko kuma mai sawa bai karkatar da shi ƙasa yadda ruwa zai gangara ba.